Kalmar "Halu'u" a Bakin Masu Tafsiri: Tarken Wata Fassara da Kunne Ya Saba da Ita

 

A goman ƙarshe na wani azumi da ya gabata na zauna majalisin tafsiri a wani masallaci da ke kusa da Ƙofar Jatau, cikin birnin Zariya. Malamin dattijo ne, Jalalaini na buɗe a gabansa, kuma yana cikin masu son su kai ƙarshen Alƙur'ani kafin a ga watan Shawwal. Saboda haka da aka shigo izun Tabaraka sai karatu ya koma na sauri. Aka iso surar Ma'ariji, wadda almajirai suka fi sani da Sa'ala. Mai jan baƙi ya ja aya ta 19 ya tsaya, malam ya ce ma'anarta an halicci ɗan Adam mai kwaɗayi, aka wuce. Da aka tashi muna neman takalma a bakin ƙofa, na ji wani saurayi yana ce wa abokinsa: "To ka dai ji da kunnenka, kwaɗayin nan halitta ce, ba laifina ba ne." Suka yi dariya, suka nufi gida shan ruwa.

Na san wasa yake yi. Amma wasan ya tsaya ne a kan abin da aka faɗa masa, kuma bai ƙara ko harafi a kai ba. An ba shi kalma guda ta Hausa a madadin kalmar Larabci da ta fi ta faɗi, an kuma raba ayar da 'yan'uwanta uku da ke biye, waɗanda su ne bayaninta. Wannan maƙala tarke ce ga wannan fassarar, wadda ba malamin nan ya ƙago ta ba, kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba.

Kalmar da ake magana a kai ita ce halu'u, sifar da aka ciro daga hala'u. Tushenta haruffa uku ne, ha da lam da aini, kuma sau ɗaya tak wannan tushe ya zo a cikin Alƙur'ani, wato a wannan aya. Duk kalmar da ta zo sau ɗaya tana da wuyar sha'ani ga mai fassara, domin ba shi da wani wuri a cikin Littafin da zai je ya gwada ma'anar da ya zaɓa. Dole ya koma ga harshen Larabawa da kuma abin da ke kewaye da kalmar a surar.

Idan aka koma ga harshen, abin da za a fara cin karo da shi ba kwaɗayi ba ne. Ibnu Farisa, wanda ya rasu a 395 bayan Hijira, ya gina littafinsa Maƙayisul Luga a kan neman ma'anar asali da ke haɗa duk kalmomin tushe ɗaya, kuma a nan ya mayar da tushen ga sauri da kaifi. Larabawa na kiran taguwa mai zafin nama, wadda ba ta jinkiri wajen tafiya, hilwa'u, suna kuma sifanta jimina da wata kalmar daga tushen. Daga wannan ne aka ɗauko hala'u ga mutum. Duk wanda ya taɓa ganin yadda jimina ke zabura da ɗan motsi kaɗan ya ga hoton da Balarabe ke gani idan ya ji kalmar. Zamakshari, wanda ya rasu a 538, ya bi wannan asalin a Kashshaf: ya sa sauri a ɓangarorin biyu, saurin kasa jurewa idan abin ƙi ya taɓa mutum, da saurin hanawa idan alheri ya taɓa shi.

Gaskiya ne kwaɗayi yana cikin abin da malaman luga suka ambata. Shi kansa Ibnu Farisa ya kusanta hala'un mutum da kwaɗayi, Lisanul Arab ma ya kawo shi tare da ƙarancin haƙuri da mafi munin raki. Ɗabari, wanda ya rasu a 310, ya haɗa tsananin raki da tsananin kwaɗayi da ƙosawa a bayaninsa, ya kuma kawo maganganun magabata, wannan ya kama gefe, wancan ya kama gefe. Saboda haka wanda ya ce kwaɗayi bai faɗi abin da babu shi ba. Marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ma, a tarjamarsa da ta fito a 1979, gefen kwaɗayi ya ɗauka, sai dai ya jingina shi ga ciwo. Wannan jinginawa gwaninta ce da ta cancanci yabo, domin ciwo abu ne da ake nema wa magani, kuma da saurayin nan ya ji kalmar ciwo da wasansa bai zauna ba. Abin takaici shi ne a majalisai da yawa ciwon ya faɗi a hanya, kwaɗayin ya iso shi kaɗai.

Wanda na ga ya fi kowa ƙwanƙwance kalmar shi ne Ibnu Ashur na Tunisiya, wanda ya rasu a 1973. A Attahriru wat Tanwir ya nuna rashin gamsuwarsa da yadda malaman luga suka riƙa fassara ta da abubuwan da take haifarwa, ya ce asalinta shi ne ƙarancin iya riƙe rai sa'ad da abin baƙin ciki ko abin farin ciki ya auko masa, ko sa'ad da yake tsammanin aukowarsu. A wannan fahimta raki da rowa da kwaɗayi 'ya'ya ne, uwarsu kuwa zuciya ce maras nauyi, wadda kowace iska ke ɗagawa. Mai hala'u shi ne mutumin da abu kaɗan ke zaburar da shi, ko mai daɗi ko maras daɗi.

Wannan ne kuma ya dace da tsarin surar. An ruwaito cewa Muhammadu ɗan Abdullahi ɗan Ɗahiru ya tambayi Sa'alabu, malamin nahawun Kufa da ya rasu a 291, ma'anar hala'u, sai ya amsa masa cewa Allah ya riga ya fassara ta, kuma babu fassarar da za ta fi tasa bayyana. Yana nufin aya ta 20 da ta 21, inda aka sifanta mutumin da raki idan sharri ya shafe shi, da hani idan alheri ya shafe shi. Sifofin uku duk a ma'auni ɗaya suke, fa'ulu, wanda ke nuna yawaita da zama ɗabi'a, irin ma'aunin da aka sifanta mutum da shi da gaggawa a surar Isra'i aya ta 11, da ƙwauro a aya ta 100. Idan ta farko ita ce uwa, biyun kuma bayaninta, to lalle ne kalmar Hausar da za a sa a ta farko ta iya ɗaukar biyun. Kwaɗayi ba ya ɗaukar raki. Mun san masu kwaɗayi da ke da juriyar ban mamaki, waɗanda za su kwana a tasha cikin sanyin hunturu saboda ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Raki kuma ba ya ɗaukar rowa. Duk wadda aka zaɓa a cikinsu, aya ɗaya daga cikin biyun za ta zama baƙuwa a wurin.

Ga misalin da kowa ya gani. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya a ƙasar nan. Mutane suka yi ta kwana a layin banki, wasu na kuka, wasu na dambe, jita-jita na tashi daga waya zuwa waya. Mutumin da ya fi kowa kururuwa a layi da safe, idan ya dace da sababbin takardu da rana, shi ne da yamma zai rantse wa maƙwabcinsa ba shi da ko sisi. Ba mutum biyu ba ne, kuma ba halaye biyu ba ne. Tsoron da ya sa shi kururuwa shi ne ya sa shi ƙulle aljihu: da fari yana tsoron kada ya samu, daga baya yana tsoron kada abin ya ƙare. Rowarsa firgici ce da ta sake riga. Haka mai ɓoye hatsi da kaka don ya ji an ce farashi zai tashi. Wannan ne ayoyin ke nunawa, kuma fassarar kwaɗayi tana rufe shi. Hadisin da Abu Dawuda ya fitar daga Abu Huraira, wanda ya sa rowa mai hala'u da tsoro mai tsinka zuciya a matsayin mafi sharrin abin da ke cikin mutum, shi ma ya ajiye rowa da tsoro kafaɗa da kafaɗa.

To wace kalma Hausa ke da ita? A nan ne aikin ya yi nauyi, ba don Hausa ta talauce ba, sai don ta yi yawan rarrabewa. Sifofinta na asali ba su da yawa, irin su fari da baƙi da babba da sabo; sauran takan gina su da "mai" a gaban suna. Tana kuma da wata hanya ta laƙabi da ke ƙarewa da "au", wadda ta yi kama da fa'ulu wajen nuna abin da ya zame wa mutum jiki: mai yawan mantuwa Mantau, mai yawan makara Makarau. Sunan ƙofar da na zauna kusa da ita ma da irin wannan ƙarshe yake, domin Jatau laƙabi ne na mutum mai hasken fata, kuma da shi aka san Sarkin Zazzau Isiyaku na ƙarshen ƙarni na 18, mahaifin Makau. Amma ga mai saurin zabura, kalmominmu kowace da gonarta.

Zumuɗi da ɗoki na abin da ake so ne. Amarya na ɗokin ɗakinta, yaro na zumuɗin kayan salla, maniyyaci na ɗokin ganin Ka'aba. Ba a cewa mutum na zumuɗin musiba. Garaje na aiki ne, shiga abu ba tare da lissafi ba. Azarɓaɓi shi ne riga mutane zuwa inda ba a kira ka ba. Rawar kai ta fi karkata ga rashin kamun kai a idon jama'a, kuma akasari matasa ake jifa da ita. Wutar ciki rashin iya jira ce. Raki na ciwo ne da wahala kawai. Gaggawa kuwa an riga an ba ta wurinta a ayar Isra'i, kuma tushenta a Larabci dabam ne. Wanda ya fassara kalmomin biyu da ita ya haɗe abin da Alƙur'ani ya raba.

Ina so in tsaya kaɗan a kan zumuɗi, domin na taɓa jin wani matashin mai wa'azi ya fassara ayar da ita, kuma haɗarin wannan ya fi na kwaɗayi ɓoyuwa. Ba kowane sauri ne abin zargi ba. An yi umurni da rige-rige zuwa ga gafara a surar Ali Imrana aya ta 133, an yabi Annabi Zakariyya da iyalinsa da gaggawar ayyukan alheri a surar Anbiya'i aya ta 90. Idan aka sa zumuɗi a wurin hala'u, sai ɗalibi mai himma, wanda ke riga kowa zuwa zaure da littafinsa, ya zama shi ne abin nuni, shi kuwa mai sanyin jiki da ke ƙulle da dukiyarsa cikin tsoro ya fita fes, alhali ayar shi take nufi. Muna da karin magana cewa sauri ya haifi nawa, kuma gaskiya ce a wurinta, amma dattawa kan yi amfani da ita su kashe wa yaro gwiwa a inda ya kamata a ce masa madalla. Bai kamata a ba su aya su ƙara da ita ba.

Abin da na fi natsuwa da shi, bayan jujjuyawa, shi ne "mai saurin ruɗewa". Dalilina shi ne ruɗewa ce kaɗai na samu Bahaushe na amfani da ita a fuskokin biyu ba tare da tilastawa ba. Ana cewa ya ji labarin gobara ya ruɗe, ana kuma cewa ya ga kuɗi ya ruɗe. A duka biyun abin da ake nufi ɗaya ne: abu ya zo masa ya fi ƙarfin riƙonsa, hankalinsa ya bar mazauninsa. "Saurin" kuma ya dawo da asalin da Ibnu Farisa ya nuna, ya kuma ɗauki wani abu na nauyin fa'ulu. Ban ce ba ta da aibi ba. Tana maƙwabtaka da ruɗu, wanda masu tafsiri suka saba sa wa gururu, kuma mai saurare na iya zaton ana maganar wanda aka yaudara ne. Ba ta kuma ambaci rowa da bakinta ba. Sai dai wannan na biyun ba nata ba ne ta ɗauka, tunda aya ta 21 na nan tafe da shi. Na farkon kuwa jimla guda ta bayani ta isa ta kawar da shi.

Saura rabin maganar saurayin, wato "halitta ce". Wannan ya fi zaɓen kalma girma, kuma malamai sun daɗe da fafatawa a kai. Zamakshari, bisa mazhabarsa ta Mu'utazilanci, ya ƙi yarda a ɗauki halittar a kan zahirinta. Hujjarsa ita ce jariri a ciki ko a zanen goyo ba shi da wannan hali, kuma ayar zargi ce, Allah kuwa ba ya zargin aikinsa; saboda haka ma'anar ita ce halin ya kama mutum har ya zama kamar an halicce shi a kai. Ibnul Munayyir, wanda ya rasu a 683, ya mayar masa da martani mai zafi a Al'intisaf, yana kare cewa Allah ne mahaliccin halin. Wanda ya warware ƙullin a ganina shi ne Fakhruddin Arrazi, wanda ya rasu a 606. Ya ce kalmar na faɗawa kan abu biyu: yanayin da ke cikin rai, da kuma ayyukan zahiri da ke fitowa daga gare shi. Na farko halitta ne, ba a tambayi mutum ba aka sa masa. Na biyu kuwa, magana da aikin da yake yi idan yanayin ya motsa, yana da ikon yi da bari. Faɗuwar gaba sa'ad da aka ji mugun labari ba a kama kowa da ita. Yaga riga da zagin ƙaddara da hana maƙwabci mudu guda, waɗannan su ne abin tambaya.

Abin mamaki shi ne amsar na nan a littafin da ke gaban malamin. Wannan ɓangare na Jalalaini na Jalaluddin Mahalli ne, wanda ya rasu a 864, kuma a ƙarƙashin kalmar ya yi i'irabinta da cewa hali ce muƙaddara, sannan ya ce tafsirinta shi ne abin da ke biye. Hali muƙaddara, kamar yadda ɗaliban nahawu suka sani, ita ce wadda ba ta tare da aikin a lokacin aukuwarsa, sai dai an ƙaddara za ta zo daga baya, kamar ka ce an dasa itacen nan mai 'ya'ya alhali ranar dashen ko fure babu. Da wannan ɗan i'irabi Mahalli ya amsa wa Zamakshari batun jariri ba tare da ya ambaci sunansa ba: an halicci mutum da irin abin, shi kuwa abin sai an girma yake tsirowa. Zariya garin da aka sani da nahawu ne, ɗalibai sun daɗe suna zuwa unguwar Kona da sauran zaurukan birni daga nesa don shi. Idan akwai inda bai kamata a tsallake kalmomi biyu na i'irabi da ke ɗauke da mas'alar aƙida ba, to nan ne.

Gazali, wanda ya rasu a 505, ya yi amfani da misali makusancin wannan a Ihya'u, a babin horar da rai, inda yake raddi ga masu cewa hali ba ya canzawa. Ya kawo ƙwallon dabino, wanda ba dabino ba ne tukuna amma an yi shi a kan zai iya zama idan an yi renonsa, ya kuma ce manufar horo ba tumɓuke ɗabi'a ba ce, daidaita ta ce. Wannan ya shafi hala'u kai tsaye. Zuciyar da ba ta zabura ko kaɗan ba za ta guje wa wuta ba, ba za ta tanadi abincin gobe ba. Hadisin Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi ya nuna ɗaya gefen: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe shi da juriya da rashin gaggawa kamar yadda Muslim ya fitar, a ruwayar Abu Dawuda kuma ya tambaya ko shi ya koyi halayen ko an halicce shi a kansu, aka ce masa Allah ne ya halicce shi a kansu. Ke nan rabon mutane a wannan ba ɗaya ba ne. Wani an sauƙaƙa masa, wani sai ya sha fama. Amma ba a ɗauke wa na biyun famar ba.

Hujja mafi ƙarfi kuwa tana aya ta 22, inda aka togace masu salla. Da hala'u abu ne da ba a iya fita daga cikinsa, da togiyar ba ta da ma'ana. Daga nan har aya ta 34 aka jero sifofin waɗanda aka togace, aka buɗe da dawwama a kan salla aka rufe da kiyaye ta, a tsakani kuma aka sa haƙƙi sananne a cikin dukiya ga mai roƙo da wanda ya rasa, da gaskata ranar sakamako, da tsare farji, da riƙon amana da alkawari, da tsayuwa a kan shaida. A lura da cewa haƙƙin an ce sananne ne, wato an yanke shi tun kafin zuciya ta motsa, yadda ranar da tsoron talauci ya taso ba za a sake zama shawara da shi ba. Salla ma lokutanta a yanke suke, ba ta jiran mutum ya ji daɗi ko ya huce. Mai saurin ruɗewa an ɗaura masa turaku a wuraren da aka san zai fizga.

Saboda haka gyaran da nake nema ga majalisanmu bai tsaya ga musanya kalma ba. Ya shafi mai jan baƙi ma. Tsayawa a ƙarshen aya ta 19 halal ne a karatu, tunda kan aya ne, amma a majalisin tafsiri, inda kowace tsayawa ke ba mai saurare damar ɗaukar abin da ya ji a matsayin cikakkiyar magana, ya fi kyau a ja ayoyi huɗun a haɗe, daga ta 19 zuwa ta 22, kafin malam ya buɗe baki. Washegari na koma na gai da malamin, na kawo masa wannan cikin ladabi. Ya saurare ni har na gama, ya jawo Jalalaininsa ya duba wurin, ya sa yatsa a kan i'irabin Mahalli ya ɗan yi shiru. Sannan ya ce: "Malam, gaskiyarka. Kwana biyu suka rage mini, ga izu uku da rabi a gabana."